Kwamin Shanu Yana Keffi, Makullin Famfo Yana Abuja

Zuwa ga Mai girma Shugaban sabuwar hukumarmu mai duba dabbobi da tsirrai a kan iyakoki, babban ofis, Abuja.

Daga ma'aikacinka Haruna Garba, mai duba shanu a tashar bincike ta Keffi, kan hanyar shiga Babban Birnin Tarayya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi maka barka da aiki, barka da ɗawainiya da mu. Ina fata iyali suna lafiya, sabuwar kujera kuma ba ta yi zafi da yawa ba. Mu nan Keffi sai godiya. Damina ta yi albarka, sabuwar doya ta cika kasuwa, mahaifiyata kuma ta ce lallai in sa gaisuwarta a farkon takarda, kada in kai ta ƙarshe inda manya ba sa karantawa.

Ranka ya daɗe, kada ganin wasiƙata a jarida ya sa ka zaci faɗa na zo yi. Mutumin da aka yi wa alheri irin wanda kuka yi mini ba ya zuwa da faɗa. Na rubuta ta a buɗe ne don na bi ƙofofin da aka nuna mini duka, kowace ta karɓe ni da fara'a ta miƙa ni ta gaba, har aka ce saura taka, taka kuwa layinta ya fi ƙarfin hutuna. Ƙorafina guda ne, ƙarami har yana shiga aljihu: makullin ɗakin famfon tasharmu. Ɗakin a kulle yake, kwamin da shanu ke shan ruwa ya bushe, rafin da muke lallaɓawa da shi kuma ya fara ja da baya. Idan rani ya kama a haka, ko dai saniya ta faɗi a gabana don ƙishirwa, ko kuwa ni Haruna in ɗauki guduma in fasa kwaɗon hukuma da hannuna. Ban taɓa yin haka ba, ban kuma taɓa barin wani ya yi a gabana ba. Ba na son ko ɗaya daga cikin biyun ya faru.

Na ɗaya, godiya.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da ita zan fara. Na kama aikin nan tun Keffi tana ƙarƙashin Filato, ba a ma yi jihar Nasarawa ba, Abuja kuwa ana cikin haƙa da zuba kankare. Ina gama horo aka jefa ni can iyakar arewa, inda shanu ke shigowa daga maƙwabta. A can gemuna ya fito, a can ya yi furfura. Gida sai Sallah, wata Sallar ma sai dai saƙo. 'Ya'yana sun tashi sun san ni a matsayin baƙon nan mai zuwa da cuku da dabino, wanda ake ce musu su yi shiru yana barci. Duk zuwan da zan yi sai in tarar hanyar Abuja ta ƙara faɗi, gonar da na sani ta zama rukunin gidaje, mahaifiyata kuma ta ƙara ranƙwafawa.

Da aka fara raɗe-raɗin za a yi wa hukuma garambawul, mu na bakin iyaka muka ce tamu ta ƙare. Mun saba, in an ce gyara, ƙananan ma'aikata ake fara gyarawa. Sai ga takardata ta fito, na duba na ga Keffi. Na ba abokin aikina ya karanta mini, don ban yarda da idona ba. Ranar da na sauka da kayana a unguwarmu Gangaren Tudu, tsohuwar tawa da ake cewa murya ta ƙare mata ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Yanzu kullum a ɗakinta nake shan kunun gyaɗa kafin in hau acaɓa zuwa aiki, tana yi mini faɗan ban sa hula daidai ba, kamar ba ni ne mai jikoki ba. Wallahi ina jin daɗin faɗan.

Ban manta da sauran ba. Kun ba mu takalman roba masu kai gwiwa, da safar hannu, da magungunan feshi da a da sai mun yi ta roƙo. Kun sa wa rijiyar burtsatsen tashar famfo mai aiki da hasken rana, muka huta da kukan janareto. Duk wanda ya ce garambawul ɗin nan bai yi komai ba, a turo shi wurina in ba shi labari.

Na biyu, abin da ya haɗa aikina da ruwa.

Na san likitocinmu na babban ofis sun san wannan, su suka koya mana. Amma tunda jama'a ma za su karanta, bari in faɗa. Tirela takan iso mana ta hanyar Akwanga bayan doguwar tafiya, shanu a cunkushe, ƙahoni a ɗaure, masu rakiyarsu a zaune a saman ƙarafa. A cikin tirela mai lafiya da marar lafiya duk a tsaye suke, don babu wurin faɗuwa. Ko ka hau ka leƙa, baya da ƙaho kawai za ka gani. Saboda haka sai direba ya ja da baya ya jingina da tudun sauka, a kwance su, su gangaro.

Daga nan ƙishirwa ce take yi mana rabin aikin. Mai lafiya tana jin ƙanshin ruwa za ta nufi kwami ba ta ko waiwaye. Mai ciwon kofato za ka ga tana taka ƙasa kamar a kan ƙaya. Mai gyambo a baki za ta tsoma baki ta fizge, dalala na zuba. Mai ciwon huhu kuwa kafin ta kai ta miƙe wuya tana haki, tana wani busasshen tari. Ni ina tsaye gindin mangwaro da sandata, ina nunawa, ana ware su zuwa shingen killacewa, sannan in bi su ɗaya-ɗaya in buɗe baki, in ɗaga ƙafa, in auna zafin jiki. Sauran su sha su ƙoshi, su ɗan huta, a mayar da su mota, in buga hatimi su wuce mahautan Abuja. Naman da ke cikin miyar gidanka, ranka ya daɗe, wataƙila ni na fara gaisawa da shi yana tafe da ƙafafunsa.

Ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. Babu abin da ke wanke mini zuciya irin ganin garke ya jera kai a kwami, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar zuƙar ruwa. Masu rakiya su wanke fuska, direbobi su zauna kan benci su ci sakwarar Mama Saratu, wata 'yar Mada mai sayar da abinci a bakin ƙofarmu, ana gardamar ƙwallo da farashin taya. Idan babu ruwa, ban da azabar dabba, ni ma an rufe mini ido ɗaya.

Na uku, ranar fenti.

Da na dawo Keffi, kafin a raba hukuma, mu biyu ne manya a tashar. Ni a kan dabbobi, Madam Rifkatu, 'yar Eggon, a kan doya da hatsi da 'ya'yan itace. Tana da ɗan gandun renon dashe a bayan ofis, mangwaro da kashu da lemo, tana lallaɓa su kamar jarirai. Makullin ɗakin famfo yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, wanda ya riga zuwa ya ɗauka ya buɗe. Ba mu taɓa tambayar na wane ne ba.

Da aka raba sabuwar hukuma gida biyu, sashen dabbobi da sashen tsirrai, kowane da shugabansa da sitonsa, sai aka turo mana kwamitin rabon kaya. Mutane ne masu ladabi, sun zo da gwangwanin fenti biyu, ja na dabbobi, kore na tsirrai, duk abin da suka tarar su ɗiga masa. Tudun sauka ja, shinge ja, kwami ja. Sikelin Madam kore, teburinta kore. Bencin baƙi sai da aka yi shawara, aka ɗiga wa wannan kai ja, wancan kai kore, har yau direbobi na tambayar juna wane sashe suke zaune. Kyanwar tashar ta so ta kawo rigima, don dabba ce amma Madam ke ciyar da ita. Kafin a yanke hukunci ta haye rufi, ita kaɗai ta tsira ba launi. Mangwaron da nake tsayawa gindinsa ya sha kore. Na tambaya inuwar fa, suka yi dariya suka ce inuwa kyauta ce.

Da aka zo ɗakin famfo, aka duba asali aka ga don gandun dashe aka haƙa rijiyar, bututun kwami daga baya aka ja shi. Sai aka ɗiga wa ƙofar kore. Babu wanda ya ga matsala, don Madam tana nan, makulli yana ƙusarsa. Muka ci abinci tare da 'yan kwamiti, muka raka su mota muna ɗaga musu hannu.

Na huɗu, yadda makulli ya yi ƙaura.

Ba a daɗe ba aka ɗauke binciken tsirrai daga Keffi gaba ɗaya, Madam Rifkatu kuma ta sami ƙarin girma zuwa babban ofis, sashen horar da sababbin ma'aikata. Ta cancanta, mun kuwa yi mata bikin da har yanzu ake zancensa. Matan zumuntar cocinsu sun zo da tukwanen kiɗansu, mahauta sun kawo balangu, masu rakiyar shanu sun ba ta ƙwaryar kindirmo, Mama Saratu ta dafa abin da ya ishi unguwa. Ni aka sa jawabi, na yi rabi na kasa, sai Alhaji Tanimu direba, wanda zan ba ka labarinsa a gaba, ya karɓe ya ƙarasa da ƙaryar da ta fi gaskiyata daɗi.

Washegari motar sito ta zo. Ƙa'ida ta ce duk abin da ke da kore, in yana ɗaukuwa a ɗauka, in ba ya ɗaukuwa a kulle a miƙa makulli. Madam ta rufe kan bututun kwami kamar yadda muke yi kowace yamma, ta datse ƙofa, ta miƙa. Ta juyo ta ce mini, "Malam Haruna, kwana biyu ne kawai, za su dawo maka da shi. Ka kula mini da yarana na baya." Dashenta take nufi, don su motar sito ba ta ɗauka ba.

Kwana biyun nan ne muke ciki har yau. Famfon yana aikinsa, rana na fitowa zai cika tankin da ke saman ɗakin ya tsaya. Kan da ake murɗawa ruwa ya tafi kwami shi ne a ciki, bayan ƙofa. Ruwa na bisa kanmu muna jin motsinsa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na rubuta ta hannun shugabana, na jira, sannan na ɗauki ƙafa na zo Abuja da kaina, na sha cunkoson Mararaba har rigata ta manne da baya. Madam ta karɓe ni kamar ɗan'uwa, ta kai ni wurin mai sito. Dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya ba ni shayi, ya buɗe kabad ya nuna mini makullin. Na gane shi tun daga nesa, don wayar da ke jikinsa ni na murɗa ta. Ya ce ba zai iya bayarwa ba sai ga jami'in sashen tsirrai da ke aiki a Keffi. Na ce babu shi. Ya ce to ka gani. Madam ta ce ita za ta sa hannu, ya tuna mata yanzu ita ba ja ba ce ba kore ba. Shugaban sashena ya ce ba shi da iko da siton wasu. Shugaban sashen tsirrai ya ce da zuciya ɗaya zai ba ni, amma fitar da kaya daga wani sashe zuwa wani, sa hannun Shugaban hukuma kaɗai ke yin sa. Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya, sannan ya ce gaskiya ne fa, abin ba daɗi.

Ban yi fushi da mai sito ba, ina roƙo kai ma kada ka yi. Ina kallonsa ina ganin kaina. Da ni ne a kujerarsa, abin da zan yi ke nan, wataƙila ma ban ba da shayi ba.

Na biyar, maganar guduma.

Na san abin da mai karatu yake cewa tun ɗazu, don duk Keffi an faɗa mini. Kwaɗon nan ɗan ƙarami ne, irin na akwatin ɗalibai. Bugu ɗaya ya ishe shi. Matata Hajara ta ce ko da muciya za ta iya, in na ba ta dama. To ga dalilina.

Tun ina bakin iyaka na san Alhaji Tanimu. A lokacin ba Alhaji ba ne, saurayin direba ne mai ɗaukar fatu. Wata rana ya iso da mota an rufe ta an buga mata hatimin dalma, irin wanda ba mai cire shi sai jami'in da ke da hurumi, jami'in kuwa ya yi tafiya. Ashe wajen lodi Tanimu ya manta rediyonsa a ciki, a kunne. Ya roƙe ni in bari ya ɓalle hatimin ya ɗauko, ya rantse ba zai taɓa komai ba, ni ma na san ba zai taɓa ba. Na ƙi. Haka ya shimfiɗa tabarma a gindin mota yana sauraron labaran duniya ta bayan katako, har batir ya mutu. Ya zage ni iya son ransa, na raba tuwona da shi, daga nan muka zama aminai.

Yanzu shanu yake kaiwa Abuja, ta wurina yake bi. Ranar da ya ga kwaɗon nan ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da ya zauna a kan koren kan benci. Zuwansa na gaba ya sauko da guduma daga mota, ya shiga ofis ya rataye ta a ƙusar da makulli yake zama. Ya ce, "Oga Haruna, kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ga ta nan, ba na gaggawa. Ni na ji labarai ta bayan katako, kai ma ka ji ruwa ta bayan ƙofa." Tun daga ranar, in ya zo sai ya fara gaida gudumar, ya tambaye ta ko an sa ta aiki, sannan ya gaishe ni. Ya kawo shawarar a zura tiyo ta saman tanki a zuƙo, na ce masa wanda ya shiga ta taga bai fi wanda ya ɓalle ƙofa ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin taurin kai irin na mutanen Keffi ba, na tuna masa matarsa 'yar Jigwada ce, nan Keffi.

Ranka ya daɗe, ni ba ni da bindiga. Abin da ke tsayar da tirela a gabana, abin da ke sa mai shanu ya haƙura in killace masa saniyar da ya sa rai da kuɗinta, shi ne kowa ya yarda cewa abin da hukuma ta rufe ba a buɗe shi da ƙarfi, ko da ɗan igiya ne aka ɗaura. Idan direbobi suka ga ni na fasa don ina da dalili mai kyau, to kowannensu yana da dalili mai kyau. Gobe wanda na tsare wa saniya mai ciwon huhu zai kwance shingena, ya ce ai Malam ma ya yi. Da wane baki zan hana shi? Shi ya sa gudumar take rataye, ƙura na hawanta.

Na shida, yadda muke lallaɓawa, da inda lallaɓawar za ta ƙare.

A nan ma akwai abin farin ciki, don rashin makullin ya nuna mini mutanen da nake zaune da su. Baba Ayuba, mai gonar da ke bayanmu, yana cire gyaɗarsa ya buɗe mana hanya ta tsakiyar gona zuwa rafi, ya ce taki ma riba ne. Da damina haka muka riƙa kora shanu can, ni ina gefe ina kallon tafiyarsu, aiki bai tsaya ba. Mama Saratu ta naɗa kanta shugabar ruwa ba wanda ya zaɓe ta. Duk mai keken da ya kawo fasinja daga Sabon Gari, sai ta ɗora masa jarkoki ta ce ya ciko a hanyar dawowa, wanda ya yi gardama ya ga ƙanƙantar namansa a miya. Masu kurar ruwa suna juye mana abin da ya rage musu. Na sha tsayawa ina kallon mai zuwa coci da mai zuwa masallaci suna ɗauke da jarka ɗaya, suna gardamar wa ya fi sakin hannu.

Amma jarka ba ta shayar da tirela. Abuja kullum ƙara baki take yi, motocin da ke zuwa mana ƙaruwa suke. Rafin kuma na san halinsa tun ina yaro, yanzu ya koma siriri, gefensa duk laka, in rani ya tsaya yashi ne zai rage. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na rubuto tun yanzu.

Abin da ya sa ni zama na ɗauki biro a makon jiya ya faru. Motar Tanimu ce ta iso da rana tsaka, ta lalace a hanya, shanun sun galabaita ƙwarai, ba za su iya kaiwa rafi ba. Muka juye abin da ke jarkoki a kwami, manyan bijimai suka yi kansa suka shanye. Wata farar saniya, ramammiya, ta iso ta tarar da danshi kawai. Ta shinshina, ta ɗaga kai, ta juya ta nufi ɗakin famfo. Akwai wani ɗan ɗigo da ke tsattsafowa daga gindin tanki, yana bin ƙofa yana sauka a kan kwaɗon. Nan ta tsaya tana lasar kwaɗon hukuma, ƙafafunta na rawa.

Tanimu ya kau da kai, bai ko kalle ni ba. Ni kuwa ban san lokacin da na isa ƙofar ofis ba, sai ganin hannuna na yi ya kusa ƙusar nan. Allah ya taimake ni da Mama Saratu, ta kinkimo ruwan da ta ajiye don girkin yamma ta dire a gaban saniyar. Ta sha, ta tsaya da ƙafafunta, ta koma mota. Ranar babu wanda ya ci sakwara a tashar, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Na ji tsoro, ranka ya daɗe. Na gane cewa ran da babu ruwan Mama Saratu, hannun nan ba zai tsaya ba.

Buƙatuna.

Ina roƙon ka sa hannu a ba tashar Keffi makullin ɗakin famfonta. Yana kabad ɗin mai siton sashen tsirrai, da murɗaɗɗiyar waya a jikinsa. Ba sai an turo mota ba, Madam Rifkatu tana zuwa gida duk ƙarshen mako.

In fitar da shi zai ɗauki lokaci, to a aiko mini da izini a rubuce, ko layi ɗaya ne, cewa hukuma ta yarda a cire kwaɗon. Abin da hukuma ta ce a buɗe ba fasawa ba ne.

Ina roƙon a ɗiga wa ƙofar nan ja a gefen koren, a yanka makulli biyu, don kada wani garambawul na gaba ya sake tafiya da ruwanmu. A kuma leƙa sauran tashoshi, don kwamitin fenti ba Keffi kaɗai ya je ba, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

In kuma Allah ya kawo ka hanyar Keffi, ka tsaya ka murɗa kan famfon da hannunka, ka tsaya gindin mangwaro ka ga yadda garke ke jera kai a kwami. Mama Saratu ta ce sakwararka da miyar agushi a wuyanta, mahaifiyata kuma ta ce a kawo mata kai ta ga mutumin da ya dawo mata da ɗa.

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa shugaban sashen tsirrai ba. Dashen da Madam ta bari a bayan ofis, masu ɗigon kore a kan kowace tukunya, duk suna raye. Kullum in zan yi alwala a gindinsu nake tsugunawa, abin da ya rage a buta in bi su da shi, in bai isa ba in ɗauko daga gida. Lemo ɗaya har ya yi fure. In Madam ta bugo waya su take fara tambaya kafin ta tambayi iyalina. Ni ɗan ja ne, amma ban taɓa duba launin tukunya ba kafin in zuba. Na shayar muku da naku, ku shayar mini da nawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya da fara'a. Allah ya raya maka zuriya, ya shayar da kai ranar da kowa ke neman mai shayar da shi. Ni dai burina bai wuce in ga ruwa ya zubo a kwami ba, in sauko da gudumar nan daga ƙusa, in miƙa wa Tanimu abarsa da ƙurarta a gaban direbobi, in rataye makulli a wurinsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Garba,
Gangaren Tudu, Keffi.